Magani a Gwangwanin Madara

A Unguwar Marke, wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Mairuwa zuwa Faskari, ba wanda bai san awarar Mansura ba. Tun hantsi take ɗora kasko a ƙofar gida, gindin darbejiya, kafin la'asar ta karkaɗe tire. 'Yan makaranta, masu babur, matan aure da ke aiko da kwano daga cikin gida, kowa nata yake nema, don yajinta ba ya ƙaranci kuma manta ba ya kwana.

Abin da garin bai sani ba shi ne Mansura tana da farfaɗiya. Tun tana budurwa a gidan iyayenta a Sabuwa ciwon ya fara kayar da ita. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an yi wanka da saiwoyi, har wani kawunta ya gaji ya kai ta asibiti a Zariya. Likita ya ɗora ta a kan wani magani, ya ce muddin ba ta yi fashin sha ba za ta yi zamanta kamar kowa. Haka kuwa aka yi, shekaru suka shuɗe ba ta faɗi ba. Mijinta Sagiru ya san zancen tun kafin a ɗaura aure, ya ce ya ji ya gani. Ban da shi ba wanda ya sani a garin, har mahaifiyarsa Inna Tani da suke gida ɗaya.

Ba don wasa ta ɓoye ba. Ta san mutanenta. A wurinsu yawun mai farfaɗiya guba ne, ba a haɗa kwano da shi, ba a taɓa shi idan ya faɗi. To, ina ga mace mai sayar da abin da ake kai wa baki?

Kemis ɗaya ne a garin, na Malam Sha'ibu, kuma bencin gabansa shi ne majalisar gari. Wanda ya sayi maganin basir da safe, kafin azahar ana yi masa sannu da zama. Don haka Sagiru ke tafiya Funtuwa ya sayo mata, wata rana a samu, wata rana a ce ya ƙare, wata rana a ba shi wanda ba ta yarda da kamanninsa ba. Ana haka ƙanwarta da ke aure a Kano ta nuna mata wani kantin magani da ke sayarwa ta intanet. Mansura ta hau kan tudun bayan gari inda ake samun sabis, ta tura masu hoton takardar likita, sannan ta kira lambar. Mace ce ta ɗauka.

"Roƙona ɗaya ne," in ji Mansura. "Kada kowa ya san mi ke ciki. Ko direba."

"Kwantar da hankalinki, Hajiya," in ji matar. "Ai aikinmu ke nan. Za mu cire kwalin, mu zuba katunan maganin a gwangwanin madara, mu liƙe da salatif. Duk wanda ya gani zai ce madarar yara ce."

Haka aka riƙa yi. A ba direban motar Gusau saƙon a Kano, ya ajiye a Mairuwa, Sagiru ya je da babur ya ɗauko. Mansura ta riƙa yi wa matar nan addu'a kamar 'yar uwa.

Damina ta zo da masifa. Ɓarayin daji suka kwashe mutane a gonakin ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, suka harbe wasu. Gari ya cika da zancen infoma, masu kai wa ɓarayi burodi da fetur da ƙwaya, su kuma kai masu labarin wanda ya sayar da shanu. 'Yan sa-kai suka gitta itace a bakin gari suka kafa shinge. Shugabansu Audi ne, wanda aka kashe ƙanensa da fartanya a hannu, tun daga ranar kuma ba a sake ganin haƙoransa ba.

Ran wata kasuwa, maganin Mansura ya kusa ƙarewa don saƙon ya makara, Sagiru ya tafi Mairuwa tun da safe. Rana ta take bai dawo ba. Tana cikin juya awara sai ga Rahila, maƙwabciyarta Kirista wadda take sayar mata da waken suya, ta taho da gudu ɗankwali a hannu.

"Maman Adnan, sauke kaskon ga. Sun riƙe mijinki a shinge. Sun ce ƙwaya suka kama shi da ita."

Mansura ba ta san lokacin da ta zari hijabi ba. Tun daga nesa ta hango cincirindo. Ta kutsa ta cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba, sai ga Sagiru zaune cikin taɓo, an ɗaure masa hannuwa ta baya da robar babur ɗinsa. Leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya rufe. A gabansa gwangwanin ne an farke shi da wuƙa. Samari biyu sun ɓalle ƙwayoyin daga katunansu sun tara a tafin hannu suna nuna wa jama'a.

Audi yana tsaye a kansa da bindigar toka a kafaɗa.

"Na tambaye ka, na sake tambaya. Wa za ka kai wa?"

"Magani ne," in ji Sagiru, murya a shaƙe.

"Na wa?"

Sagiru ya sunkuyar da kai. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a daina ɓata lokaci, a shiga da shi bayan dutse. Kowa a wurin ya san wanda aka shiga da shi bayan dutse ba ya dawowa.

"Nawa ne," in ji Mansura.

Sagiru ya ɗago da idon da ya rage masa ya dube ta.

"Koma gida," ya ce. "Don Allah koma gida."

"Naki?" in ji Audi. Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da kike tsaye garau kina tuya kullum? Ciwon mi gare ki da za ki sha wanga tulin?"

Mansura ta dubi fuskokin da suka kewaye ta, duk masu cin awararta ne.

"Malam Audi, don girman Allah zo gefe in hwaɗa maka. Kai kaɗai."

"Babu gefe. Gefe-gefen nan ne ya sa muke binne 'yan uwanmu. Mai gaskiya ba ya ɓoye magani cikin gwangwanin madara. In kina da magana ki yi ta a gaban jama'a, in babu ki matsa."

Ta sake roƙonsa. Ta ce a kira mace ɗaya cikin matan gidansa ta gaya mata. Ta ce a kira liman. Audi ya yi wa samarinsa alama da kai, suka kama Sagiru ta hammata suka miƙar da shi. A nan wani abu ya tsinke a ƙirjin Mansura.

"Farfaɗiya gare ni!" Ta faɗa da ƙarfin da har masu babur na can baya suka ji. "Kun ji? Farfaɗiya! Maganinta ne. To kun ji, sai ku sake shi!"

Waɗanda ke kusa da ita suka ja da baya kamar ta watsa masu ruwan zafi. Ɗaya daga samarin nan ya dubi ƙwayoyin da ke hannunsa, ya watsar da su ƙasa, ya shiga goge tafinsa a wando. Ɗayan ma ya yi haka. Fararen ƙwayoyi suka warwatsu cikin taɓo, ƙafafu suka bi ta kai.

Audi ya sa aka kira Malam Sha'ibu. Ya zo yana gyara tabarau, ya ɗauki wani kati da ya rage, ya karanta rubutun bayansa.

"Ƙwarai, na farfaɗiya ne," ya ce, da muryar da yake ba da labari a benci. Ya juyo wajenta. "Ashe abin da ke nan? Ikon Allah. Shi ya sa ban taɓa ganin ƙafarki a shagona ba."

Aka kwance Sagiru. Audi bai dube shi ba. Ya gyara bindigarsa ya ce, "Da kun hwaɗi tun farko da duk haka ba ta faru ba."

Mansura ta taka har gabansa.

"Tun farko? Kai wa ka taɓa buɗe wa cikinka a kasuwa? Wanga mutum tare kuka yi kiwo kuna yara. Shi ya ɗauko gawar ƙanenka daga gona a kan wanga babur da kuka ɗaure shi da robarsa. Yau shi ne infoma? Na roƙe ka da Allah ka matsa taku kaɗan ka ji ni, ka ƙi. Ba gaskiya kake nema ba, Malam Audi, wanda za ka huce a kansa kake nema. Ɓarayin sun fi ƙarfinka, sai ka samu mai awara."

Wani ya ce mata ta iya bakinta. Ta juya kansa.

"Bakin nawa ai kun riga kun buɗe shi. Yanzu kuma sai ku saurara."

Rahila ce ta ja ta. Kafin su tafi Mansura ta durƙusa ta tsince abin da taɓo bai cinye ba, ta ƙulle a gefen zane. Bai taka kara ya karya ba.

A gida, tana gasa wa Sagiru fuska da ruwan ɗumi, fushin ya juyo kansa.

"Da ka bari su kashe ka? Ka bar ni da yaro da tsohuwa, saboda mi?"

"Amana kika ba ni," ya ce.

"Amanar banza! Asiri ya fi rai?"

Ta matse tsumman da ƙarfi har ya yi ƙara, sai ta fashe da kuka, ta ci gaba da gasa shi tana kukan tana faɗa.

Washegari ta hau tudu ta kira Kano. Matar ta saurara har ƙarshe, ta yi salati, sannan ta ce, "Amma Hajiya, ke kika ce a ɓoye."

"Na ce ki rufa mini asiri, ban ce ki shirya shi kamar kayan ɓarayi ba! Kin taɓa zuwa nan? Kin san akwai shinge a bakin kowane gari? Kuna zaune ƙarƙashin fanka kuna liƙe gwangwani, ba ku taɓa tambayar hannu nawa zai bi kafin ya iso ba. Da kin bar shi a kwalinsa kin naɗe da takarda, da Malam Sha'ibu kaɗai zai karanta."

Matar ta ba ta haƙuri, ta ce ba su taɓa tunanin haka ba, za su aiko da wani ba tare da ta biya ba. Mansura ta kashe wayar. Haƙurin ya ƙara ƙona mata rai, don ta so matar ta yi musu ta samu abin kamawa. Gudun gara ta yi ta faɗa gidan zago, kuma ita ce da bakinta ta nemi a ɓoye ɗin.

Magana zarar bunu ce. Kafin kwana biyu labarin ya kai har garin Ruwan Godiya. Mansura ta kafa kasko kamar kullum, awara ta soyu ta yi ja, ta huce a tire. 'Yan makaranta suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen hanya. Kwanonin da ake aikowa daga gidaje suka ɗauke. Wata mata da ta ci awararta tun tana amarya ta aiko a tambaya ko ciwon zai iya kama wanda ya ci tun bara. A cikin gida Inna Tani ba ta yi faɗa ba. Sai dai ta ware wa Mansura kwano da moɗa, ta ɗaura wa moɗar jan zare a mariƙi, ta kuma hana Adnan shan ragowar ruwan uwarsa. Sagiru ya tsinke zaren. Da safe aka ɗaura wani.

"Inna, shekara nawa kina cin tuwon hannuna?" in ji Mansura. "Kin faɗi?"

"Ɗiyata, ai da ban sani ba," in ji tsohuwar, ta kau da kai.

Sabon saƙon bai zo ba. An tare hanyar Gusau an kwashe fasinjoji, direbobi suka ajiye motoci. Mansura ta shiga raba ƙwayoyin da ta tsinto gida biyu, sannan ta koma sha yau ta tsallake gobe. Sagiru ya je Funtuwa ya dawo hannu rabbana. Ya ce ta bar tuya har magani ya iso. Ta ce in ta sauke kaskon nan gari zai ce kunya ta ji, ita kuwa ba ta yi sata ba.

Ranar da abin ya zo da hantsi ne, Sagiru yana gona. Ta ji wani wari a hancinta irin wanda ta manta shekara da shekaru, ta yunƙura za ta matsa daga wuta, ba ta kai ba. Ta faɗi, hannunta na dama ya tafi cikin kasko, man ya kife a kansa.

Daga baya Rahila ta ba ta labari, don ita ba ta san komai ba. Mutane sun taru, sun yi da'ira, suna salati. Ba wanda ya matso. Wani yana cewa a ja yara kada kumfar ta taɓa su. Rahila tana shanya wake a bayan gida ta ji hayaniya, ta ture su ta shiga, ta janye Mansura daga bakin murhu, ta juya ta gefe, ta tallafe kanta a cinya, ta sa zanenta ta share mata baki. Ta ce ta zage su tas, maza da mata, ba ta bar ko dattijo ba, kuma ba ta yi nadama ba.

Sati da satittika Mansura tana jinya a asibiti a Funtuwa. Fatar hannun ta saɓule daga wuyan hannu zuwa gwiwa, yatsu biyu suka ƙage ba su sake miƙewa ba. A can aka mayar da ita kan maganinta, likita ya ce ta nisanci wuta har jikin ya daidaita. Saƙon Kano ya iso tana kwance, a kwalinsa, da sunan maganin ɓaro-ɓaro. Sagiru ya wuce da shi ta shinge a bayyane, ba wanda ya ko ɗaga kai.

Da ta dawo, Rahila ta kawo shawara. Mansura ta jiƙa wake, ta niƙa, ta tace, ta matse awarar a cikin gida, ita Rahila ta soya a ƙofarta. Haka suka yi. Nan da nan layi ya dawo, a ƙofar Rahila. Mansura tana jin su ta kan katanga suna yabon hannun Rahila, wai ashe ta fi waccan iyawa. Sai ta ƙara danna dutse a kan ƙunshin awarar.

Bayan kaka, wata ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, aka yi sallama a zaure. Liman ne, da Audi a bayansa, riƙe da ƙullin goro da zakara. Sagiru ya shimfiɗa masu tabarma ya kira ta. Ta zo ta zauna daga bakin ƙofa, ta gaishe da liman, ba ta dubi Audi ba.

Liman ya yi doguwar nasiha a kan ƙaddara da falalar yafiya. Ya ce lokacin tsoro ne, tsoro kuwa yakan makantar da mai ido. Ya ce Audi shi ya zo da ƙafarsa ya nemi a rako shi, kuma Sagiru ya riga ya yafe dukan da aka yi masa.

"Ya yafe nashi, Malam, jikinshi ne," in ji Mansura.

Audi ya yi gyaran murya. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Maman Adnan, ban yi don in tozarta ki ba. Gari nake tsaro. Ki yafe mini."

Mansura ta janye hijabi daga hannunta na dama, ta miƙa shi cikin hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure. Liman ya kau da ido. Audi ya duba, ya sunkuya.

"A'a, duba da kyau. Ran nan ai kai ka ce komi a yi shi gaban jama'a. To ina jama'ar? Ka tsayar da ni a shinge ran kasuwa ka tuɓe ni, yau kuma ka zo neman gafara a zaure, mutum huɗu, da zakara. Tozarci a fili, ban haƙuri a ɓoye?"

"Mi kike so in yi?" in ji Audi.

"Ka koma inda ka ɗaure shi, ran kasuwa, ka tara waɗanda ka tara. Ka ce masu ka zalunci Sagiru. Ka ce masu ciwona ba ya kama kowa, ka sa hannu a kwanona ka ci su gani. In ka yi haka ka dawo mu yi magana."

Audi ya dubi liman, liman ya dubi tabarma.

"Wanga da wuya," in ji Audi a hankali. "In na yi haka yaran nan ba za su sake jin maganata ba, gari kuwa..."

"To ni ma da wuya," in ji Mansura.

"Ɗiyata, Allah yana son masu haƙuri," in ji liman.

"Na sani, Malam. Yana kuma jin wanda aka zalunta. Ban yafe ba. In na ce na yafe don ganin idonka na yi maka ƙarya a ranar Juma'a."

Ta miƙe, ta ce wa Sagiru a mayar masu da zakaransu. Daga tsakar gida ta ji liman yana ta magana ƙasa-ƙasa, sannan ta ji takun fitarsu. Audi bai tara kowa ya faɗi komai ba, ba a waccan kasuwar ba, ba a ta gaba ba. Idan suka haɗu a hanya yakan gaishe ta, ita kuma ta dube shi ido cikin ido ta wuce.